Kuɗin kafin alƙalami: Yadda ake damfarar masu gyaran gida a Kano, da abin da doka ta tanada

Kafin alƙalami shi ne kuɗin da mai gida ke bai wa magini, kafinta, mai fenti ko mai sa tayil tun bai ɗora hannu a kan aiki ba. Al'ada ce mai hujja, domin galibin masu sana'ar hannu ba su da jarin sayen kaya. Amma ta wannan ƙofa ce damfara ke shigowa, musamman a tsofaffin unguwanni irin Fagge da Sabon Gari, inda gabatowar damina ke sa mai rufi mai yoyo gaggawar biya.

Ba kasafai mazambaci ke karɓar kuɗi ya ɓace nan take ba. Yakan zo da leburori, ya yaye kwano ko ya fasa daɓe, ya sauke 'yan buhunan siminti, sannan ya fara ɗaukar ƙafa. Gida ya riga ya zama kango, don haka idan ya nemi ƙari, mai gida ba shi da zaɓi. Wani kuma da kuɗin wannan yake ƙarasa aikin wancan. Tashin farashi ya ƙara ba su mafaka: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma tun daga lokacin "kaya sun tashi" ya zama uzurin mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya.

Kariya mafi ƙarfi ita ce raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Mazaunin Fagge bai da nisa da kasuwa: kayan wuta na Titin Faransa a Sabon Gari, rodi na Ƙofar Ruwa, katako na Na'ibawa. Mai gida ya bi ma'aikacin, ya biya mai shago da kansa, ya karɓi rasit da sunansa, a sauke kayan a gidansa. Kuɗin jinga kuwa a biya shi mataki-mataki, bayan an ga abin da aka gama, a kuma riƙe wani kaso har sai ruwan farko ya gwada rufin. A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, da ranar gamawa da shaidu biyu. Kunyar neman rubutu daga wanda ɗan'uwa ya kawo ita ce ta fi jawo asara. A biya ta banki, cikin asusun mai sunan wanda aka yi jinga da shi, domin Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya bai wa kotu damar karɓar shaidar na'ura, irin su bayanan banki da saƙonnin WhatsApp, idan an cika sharuɗɗa.

Idan abu ya lalace, yawanci ofishin 'yan sanda ake nufa, kuma a nan ake yawan kuskure. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Ma'aikacin da ya yi jinkiri ko ya yi aiki maras kyau, shari'arsa ta neman haƙƙi ce. Don irin wannan Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2019, waɗanda aka tsara su saurari da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba a lokacin, su yanke hukunci cikin kwana 60, ba tare da tilas sai an ɗauki lauya ba.

Laifi yana tabbata ne idan an nuna cewa tun farko da ƙarya aka karɓi kuɗin, kamar rasit na bogi ko shagon da ba nasa ba, ko kuma an karkatar da kuɗin da aka damƙa don sayen kaya. Lambar 419 da ta shahara daga kundin laifuffuka na Kudu ta fito. A Arewa kundin Penal Code ne ya hukunta zamba da cin amana. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan damfara, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba. Sai dai ɗauri ba lallai ya dawo da kuɗi ba, shi ya sa da yawa ke fara kai ƙara wurin mai unguwa ko shugabannin ƙungiyar sana'ar, waɗanda suka san inda mutumin yake kwana.