Yadda Awon Ƙiba Ya Shiga Makarantu

Ma'aunin nan da ake kira BMI ba likita ne ya ƙirƙiro shi ba. Wani masanin lissafi da taurari ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a shekarun 1830, yana neman siffanta matsakaicin mutum a cikin jama'a. Lissafin ba shi da wuya: a ninka tsayin mutum na mita a kan kansa, a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yau, kuma da manyan maza ya yi bincikensa, ba da yara ba.

Yaro kuwa girma yake yi, don haka ba a yi masa hukunci da adadi guda. Kwatanta shi ake yi da tsaransa na jinsi ɗaya. A jadawalin da hukumar CDC ta Amurka ta fitar a 2000, wanda ya kai matakin 85 cikin 100 nauyinsa ya yi yawa, wanda ya kai 95 kuma an ce yana da ƙiba.

Singafo na cikin ƙasashen da suka fara kai maganar makaranta. A 1992 ta ƙaddamar da shirin TAF, inda ake ware ɗaliban da nauyinsu ya zarce a sa su ƙarin motsa jiki, wani lokaci a lokacin tara. Ƙiba ta ɗan ragu, amma yaran sun sha ba'a, domin idan aka karanta haruffan nan uku daga baya, kalmar ƙiba ce ke fitowa da Turanci. An soke shirin a 2007.

A Amurka jihar Arkansas ce ta buɗe hanya da dokarta ta 2003, zamanin Gwamna Mike Huckabee, wanda shi kansa ya yi fama da teɓa da ciwon sukari. Dokar ta wajabta auna kowane ɗalibin makarantar gwamnati duk shekara, a aika wa iyaye sakamako. Iyaye da yawa suka ga an shiga musu gida ba sallama. A 2007 aka sassauta, awon ya koma bayan shekara biyu-biyu, aka kuma bai wa iyaye damar ƙi. Ingila ta fara nata a 2006, tana auna yara sau biyu, suna 'yan shekara 4 zuwa 5, sannan 10 zuwa 11.

Ko wasiƙar na rage ƙiba? An gwada wannan a makarantu 79 na Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin Kristine Madsen, da ɗalibai sama da 28,000. Nauyin yaran da aka aika wa iyayensu rahoto bai bambanta da na sauran ba, kuma waɗanda aka auna a makaranta sun ɗan ƙara jin rashin gamsuwa da jikinsu. Tun kafin nan, a 2013, jihar Masachusets ta daina tilasta aika wasiƙun.

A ganina, abubuwa biyu aka cakuɗa. Awon ya yi wa gwamnatoci amfani, domin da shi Ingila ta ga cewa ƙiba ta fi yawa ƙwarai a unguwannin talakawa. Amma a kan yaro guda, adadin ba ya rarrabe kitse da tsoka, kuma ba ya sanin ko balaga ta zo da wuri. Shi ya sa likitan yara ke duba yadda girman yake tafiya shekara bayan shekara, ya tambayi abinci da barci da tarihin iyali, kafin ya ce komai.