Yadda Hannun Jarin Kamfanonin Sadarwa Ya Iso Ƙasar Gaya

Kasuwar hannayen jari ta Najeriya an kafa ta ne a Legas a 1960, ta soma ciniki a 1961. An buɗe mata reshe a Kaduna a 1978, na Kano kuma a 1989. Duk da haka, a ƙasar Gaya da Ajingi ba kasafai mai rarar kuɗi ke waiwayarta ba. Manomi a Kademi gara ya sayi gero da kaka ya ajiye sai damina, ko ya ɗaure sa, ko ya shiga adashi, domin dukiya ce da ido ke gani.

Ƙananan masu kuɗi sun shiga da yawa bayan 2004, lokacin da Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25. Bankuna suka yi ta tallar hannun jari, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta cike fom, wasu ma da kuɗin bashi. Daga watan Maris na 2008 farashi ya rushe, cikin shekara guda kasuwar ta rasa fiye da rabin darajarta. Wannan tabo ya daɗe bai warke ba.

A lokacin wayar salula ta riga ta game ƙasa. An yi gwanjon lasisinta a Janairun 2001 kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a Agusta. Sai dai mai sayen katin waya ba shi da hanyar mallakar ko ƙwayar zarra a cikin ribar. Tara ce ta buɗe ƙofar. A 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka sama da miliyan 5 marasa rajista. A sasantawar 2016 aka rage ta zuwa biliyan 330, kamfanin kuma ya amince zai shiga kasuwar hannayen jari ta Legas. Ya shiga ranar 16 ga Mayu, 2019, kan naira 90, Airtel Africa ya biyo baya a Yuli.

Babban sauyin ya zo a Disamban 2021, da MTN ya fitar da hannun jari miliyan 575 kan naira 169 kowanne, mafi ƙaranci guda 20, wato naira 3,380. Ta manhajar PrimaryOffer aka yi akasarin cinikin, don haka matashi mai sana'ar POS a bakin kasuwa, in yana da asusun banki da lambar BVN, zai iya saye daga kan bencinsa ba tare da ya hau motar Kano ba. Mutane fiye da 126,000 ne suka saya.

Ba a jima ba suka ga ɗaya fuskar lamarin. Da darajar naira ta faɗi daga Yunin 2023, basussuka da kuɗin hayar turakun sadarwa da ke ɗaure da dala suka jawo wa kamfanin asarar naira biliyan 137 a shekarar, da kusan biliyan 400 a 2024, aka dakatar da rabon riba, alhali cinikin data ƙaruwa yake yi. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, kamfanin kuma ya ci riba a shekarar.

Musulmin ƙasar Gaya yana da wata tambayar kafin ta riba: halal ne? Sadarwa sana'a ce halattacciya, amma masu tantancewa kan duba yawan bashin ruwa da ke kan kamfani, kuma tun 2012 kasuwar ke da jerin Lotus na kamfanonin da suka tsallake wannan ma'auni.

Abin da ya fi cutar da mutane shi ne 'yan damfara da ke fakewa da sunan fasaha, irin MMM a 2016 da CBEX a Afrilun 2025, waɗanda suka yi alƙawarin riba mai tsoka cikin wata guda suka tafi da gumin jama'a. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu wannan aiki, kuma hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari na wallafa sunayen dillalan da ta yi wa rajista, ciki har da manhajojin da ake sayen hannun jarin Apple da Microsoft na Amurka ta cikinsu.