Kiɗan da Ba Na Rawa Ba: Yadda Kaset da Gidan Waya Suka Raya Sautin da Kasuwa Ta Ƙi

A watan Mayun 1975 wasu samari uku suka hau dandamali a wani taron rawa na ɗalibai a jami'ar Sheffield, birnin maƙeran ƙarfe da ke arewacin Ingila. Richard H. Kirk da Stephen Mallinder da Chris Watson sun yi kusan shekara biyu suna haɗuwa a ɗakin saman gidan su Watson, suna yanka zaren rikoda suna liƙawa, suna jona wayoyi a na'urorin da suka harhaɗa da hannunsu, sun kuma raɗa wa kansu suna Cabaret Voltaire. Mutanen da ke zauren rawa suka zo takawa. Abin da ya fito daga lasifika kuwa ƙugi ne da ƙarar inji da muryoyin da aka murɗe har ba a gane su. Taron ya watse da dambe, Mallinder ya kwana da rauni a baya. Masu ba da tarihin wannan kiɗa, wanda daga baya aka san shi da kiɗan masana'antu, sukan tsaya a kan tsananin ƙararsa da yadda yake tayar wa mutane da hankali. A ganina abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne hanyar da ya bi ya isa kunnen jama'a. Kiɗan da ba a rawa da shi ba shi da gidan rawa, ba a kiransa biki, rediyo ba ta sa shi, mai kanti ba ya ajiye shi. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, kuma wannan rashin ne ya tilasta wa masu yin sa su gina wata hanyar musaya tsakanin mutum da mutum, wadda ta fi yawancin kiɗan nasu muhimmanci.

Tunanin cewa ƙarar duniya za ta iya zama kiɗa ya girmi waɗannan samari nesa ba kusa ba. Tun a 1913 ɗan Italiya Luigi Russolo ya yi kira da a saurari ƙarar injuna da tituna, har ya ƙera akwatunan da ke fitar da irin wannan amo. A 1944 a Alkahira, wani ɗalibin aikin gona mai suna Halim El-Dabh ya ari rikodar da ke naɗar sauti a kan siririyar waya daga wani gidan rediyo, ya ɗauki muryoyin mata a wajen zar, wata hidimar iskoki mai kama da bori da ake yi a Masar da Sudan, ya koma ya sarrafa sautin da amsa-kuwwa har kalmomin suka narke ya rage amo tsantsa. Bayan shekara huɗu Pierre Schaeffer ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a Faris ya haɗa ta ta zama kiɗa, rediyon Faransa ta watsa a 1948. Aka buɗe situdiyon kiɗan lantarki a gidan rediyon Cologne a 1951, BBC ta buɗe nata a 1958. In ban da na Russolo, waɗannan ayyuka abu ɗaya ya haɗa su: kayan aikin na hukuma ne ko na jami'a, masu tsada ne, wasu ma sukan cika ɗaki guda. Wanda ba shi da ƙafa a gidan rediyo ko a jami'a sai dai ya ji labari.

Abin da ya karya wannan shinge ƙaramin abu ne. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, ya kuma bar sauran kamfanoni su ƙera shi ba tare da biyan kuɗin izini ba, shi ya sa ya bazu ko'ina. Da farko sautinsa bai da kyau, an fi nufinsa da ɗaukar magana. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 ya gyaru, kuma a 1979 kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio, rikodar da ke ba mutum damar naɗa sauti huɗu ɗaya bisa ɗaya a kan kaset na yau da kullum, yana zaune a ɗakin kwanansa. Amma ƙarfin kaset na gaske yana wajen kwafi. Wanda zai buga faifan garmaho sai ya je masana'anta, ya biya kuɗin ɗaruruwan faifai tun kafin ya sayar da ko ɗaya. Mai kaset kuwa rikoda biyu da waya sun ishe shi. In mutum ɗaya ne ya nema sai ya kwafa ɗaya, in goma ne goma, in ba wanda ya nema bai yi asarar komai ba. Ga kiɗan da masu sonsa a duk faɗin duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, wannan shi ne bambanci tsakanin samuwa da rashi.

Ƙungiyar da ta fara nuna yadda za a yi ita ce Throbbing Gristle ta Landan, wato Genesis P-Orridge da Cosey Fanni Tutti da Chris Carter da Peter Christopherson. A 1976 suka kafa kamfaninsu, Industrial Records, wanda daga sunansa ne salon ya samo nasa. Faifansu na farko ya fito a 1977, kwafi 785 kacal, domin iya abin da kuɗinsu ya kai ke nan, kuma yawancinsa a kan kaset aka ɗauke shi. Duk wasan da suka yi a gaban jama'a sai sun naɗe shi, suna sayar da kasusuwan ta gidan waya, suna amsa wasiƙun masu saye da hannunsu. A 1980 suka fitar da tsofaffin naɗe-naɗen da Cabaret Voltaire ta yi a ɗakin saman su Watson a kan kaset. Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo ba. P-Orridge da Cosey sun fito ne daga cikin masu zane-zanen da tun shekarun 1960 suke aika wa juna ayyukansu a ambulan maimakon su kai gidan nuni, bisa ƙa'idar cewa ba alƙali, ba kuɗin shiga, kuma wanda aka aika wa ya kamata ya rama. Da kaset ya shiga cikin ambulan ɗin sai ya gaji ƙa'idar.

Daga nan abin ya yaɗu ba tare da shugaba ko ofishi ba. A Maastricht ta ƙasar Holan, Rod Summers ya gudanar da wata musaya daga 1978 zuwa 1983: ka aika masa da sautinka, ya haɗa da na wasu a kaset guda, ya aiko maka, kuma kuɗi ba ya sayen wannan kaset, sai gudummawar sauti. Abin kamar adashi ne, wanda bai zuba ba ba ya kwasa. A Ingila ƙungiyar Instant Automatons takan ce ka aiko da kaset marar komai da ambulan mai kan sarki, su naɗa maka su mayar kyauta. A Tokiyo, Masami Akita ya fara aiki da sunan Merzbow a 1979, yana goga ƙarafa da tarkacen gida a gaban makirfo, yana naɗe kasusuwan a takardun da ya yi wa fotokwafi, yana aikawa Turai da Amurka. A Milan akwai Maurizio Bianchi, a Beljiyam akwai Alain Neffe da kamfaninsa Insane Music. A Amurka mujallar Op, da aka buga a Olympia daga 1979 zuwa 1984, ta riƙa yin sharhi kan kasusuwan gida tana ba da adireshin masu su, kuma adireshin nan shi ne ainihin kayan da take rabawa. Al Margolis na New York shi kaɗai ya fitar da kasusuwa fiye da 300 tsakanin 1984 da 1991 da sunan Sound of Pig. A Jamus ta Gabas, inda buga faifai yake hannun gwamnati kuma mawaƙi sai da lasisi yake hawa dandamali, kaset ɗin da ke yawo hannu da hannu shi ne kaɗai ƙofar da ta rage. A 1981 kamfanonin faifai na Birtaniya suka ƙaddamar da gangamin cewa kwafin kaset a gida yana kashe kiɗa, a daidai lokacin da shi ne abin da ke riƙe da ran wani kiɗan da su ba za su taɓa bugawa ba.

Hujja mafi ƙarfi cewa ƙin rawa ne ya haifi wannan hanya ita ce abin da ya faru da waɗanda suka karɓi rawar. Throbbing Gristle ta watse a 1981, Watson ya bar Cabaret Voltaire a shekarar, daga baya ya koma ɗaukar kukan tsuntsaye da namun daji, aikin da ya yi suna a kai a shirye-shiryen BBC. Kirk da Mallinder kuwa suka shigar da bugun da ƙafa za ta iya bi, zuwa 1983 faifansu yana fitowa ta hannun babban kamfanin Virgin. Ƙungiyar SPK ta Ostireliya, wadda ta fara da ƙara mai firgitarwa, ita ma ta juya zuwa kiɗan rawa a wannan shekara. Zuwa 1994 Nine Inch Nails ta Amurka tana sayar da miliyoyin faifai da sautin da ya samo tushe daga nan. Da zarar an sa bugu mai maimaituwa, kasuwa takan buɗe ƙofa, gidan waya ya zama ba dole ba. Waɗanda suka ƙi sa shi su ne suka ci gaba da liƙa kan sarki, kuma a hannunsu ne musayar ta rayu har shekarun 1990.

Za a ce, kuma an sha faɗa, inda babu mai tacewa shara ce za ta yi yawa, kuma yawancin waɗannan kasusuwa hayaniya ce ta mutanen da ba su koyi kiɗa ba. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Akwai dubban kasusuwan da ba su cancanci a ji su sau biyu ba. Sai dai wanda ya ce babu tacewa bai duba yadda abin yake tafiya ba. Kowane kaset yana cin lokacin kwafi, minti sittin in na minti sittin ne, yana cin kuɗin aikawa, sannan a jira makonni kafin amsa ta zo. Mutum ba ya ci gaba da yi wa wanda aikinsa bai gamsar da shi ba wannan wahala. Hukuncin yana nan, an dai ɗauke shi daga hannun ma'aikacin kamfani ɗaya an rarraba shi ga ɗaruruwan mutanen da su ma masu yi ne. Batun rashin koyo kuwa, sauraro ma fanni ne da ake ƙwarewa a kai, kuma kunnen da Watson ya horar a kan ƙarar rikoda shi ne ya yi masa aiki a daji.

Akwai zargin da ya fi wannan nauyi, kuma ba ni da niyyar wanke kowa daga gare shi. Wasu daga cikin masu wannan kiɗa sun yi ado da hotunan kisan kiyashi da alamomin 'yan Nazi da labaran masu kisan gilla. Tambarin Industrial Records kansa hoton wani gini ne na sansanin Auschwitz. Throbbing Gristle sun ce manufarsu su tilasta wa mutane kallon abin da zamanin injuna ya aikata, kuma ana iya yarda da niyyarsu. Amma waɗanda suka biyo baya da yawa sun ɗauki hoton sun bar tunanin, wasu ma sun fake da fasaha suna yaɗa ƙiyayya ta gaske. Hanyar da ba ta da mai gadi ba ta iya korar irin waɗannan, sai dai kowa ya daina amsa wasiƙarsu, kuma ba kowa ne ya daina ba. Wannan tabo ne a tarihin, kuma farashi ne da buɗaɗɗiyar ƙofa ta jawo.

Haka kuma ba za a ce hanyar ta game duniya ba. Taswirarta ta bi inda gidan waya ke aiki da sauri, inda matashi ke da rarar kuɗin sayen rikoda, wato Turai da Amurka ta Arewa da Jafan da Ostireliya, kuma maza ne suka fi yawa a ciki. Labarin Mamman Sani na Nijar ya nuna abin da rashin shiga wannan taswira ke nufi. A shekarun 1970 ya mallaki ogan na lantarki ƙirar Italiya, ya riƙa tsara kiɗa mai sanyi da shi kaɗai, wani daga waƙoƙin gargajiya na ƙasar. Nasa ba kiɗan masana'antu ba ne, amma na sauraro ne, na mutum ɗaya da na'urarsa. A 1978 ya naɗa kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka yi kwafi kaɗan. 'Yan Nijar sun san sautin domin rediyo da talabijin sun daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye, amma a waje ba a ji shi ba sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi. Yana da na'ura, yana da kaset, a shekarar da Summers ya fara musayarsa. Abin da bai samu ba shi ne jerin adireshi, kuma wannan ya jinkirta shi shekara 35.

Intanet ta cire kuɗin kan sarki da jiran makonni, ta kuma buɗe wa mai yin irin wannan kiɗa a Kampala ko Jakarta ƙofar da a da take rufe. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ta cire wajibcin ramawa, domin wanda ya ɗora sautinsa a SoundCloud ko Bandcamp ba ya bin kowa bashin amsa, sannan ta mayar da ajiyar hannun kamfani guda. A 2019 MySpace, wani dandalin intanet da ake ɗora kiɗa a kai, ta sanar da cewa kiɗan da aka ɗora mata daga 2003 zuwa 2015 ya salwanta wajen sauya na'urorin ajiya, an ƙiyasta waƙoƙi miliyan 50, kuma abin da Internet Archive ta iya tattarowa bai kai rabin miliyan ba. Kasusuwan shekarun 1980 kuwa, da yake kowane kwafi yana gidan wani daban, har yanzu ana tono su daga akwatuna. Kamfanin Vinyl-on-Demand na Frank Maier a Jamus ya yi shekaru yana sake buga su, a 2016 kuma Cherry Red na Landan ya tattara naɗe-naɗen gida na Birtaniya daga 1975 zuwa 1984 a faifai huɗu, da yawansu daga kasusuwan da ba su taɓa shiga kanti ba.