Daga Ruwan Toka Zuwa Omo: Yadda Matan Yammacin Amurka Suka Yi Fama Da Tsafta

Uwargida, mafi yawan kayan tsaftar da kike saye duk wata, irin su omo da audugar mata da famfas, ba su daɗe da shiga gidajen mutane ba. Idan kina son sanin abin da suka sauƙaƙa miki, da abin da ba za su iya yi miki ba, tarihin matan da suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka a ƙarni na 19 zai ba ki ma'auni mai kyau.

Daga shekarun 1840, dubban iyalan Turawa suka riƙa tashi daga jihar Missouri a keken shanu, suna bin hanyar Oregon mai tsawon fiye da kilomita 3,000, tafiyar da kan ci wata huɗu zuwa shida. A 1862 kuma Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar da ta ba wa duk wanda ya zauna ya noma fili tsawon shekara biyar damar mallakar eka 160, har da zawarawa da matan da ba su da aure. Filayen nan na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda aka kora da ƙarfin bindiga da yarjejeniyoyin da ba a cika ba. A kansu ne baƙin suka kafa gidaje, kuma tsaftar kowane gida tana wuyan mace.

Kafin ta yi wanki, sai ta fara yin sabulun. Takan tara tokar murhu a cikin ganga mai huji a ƙasa, ta zuba ruwa ya tsiyaye, kamar dai yadda matanmu ke tace ruwan toka. Takan gwada ƙarfinsa da ƙwai ko dankali: idan ya taso sama, ruwan ya yi. Sannan ta haɗa shi da kitsen da ta tara tun lokacin yanka, ta dafa a babbar tukunya a waje, tana juyawa na awoyi. Abin da ke fitowa sabulu ne mai ruwa-ruwa, ɗan'uwan sabulun salo, wanda in toka ta yi masa yawa yakan ci hannu har fata ta tsage.

Ranar Litinin ce ranar wanki. Masaniyar tarihi Susan Strasser, a littafinta Never Done na 1982, ta ƙiyasta cewa wanki ɗaya da tafasawa ɗaya da ɗauraya ɗaya kan ci ruwa kimanin galan 50. Wannan ya kai lita 190, wato kusan jarka takwas mai cin lita 25. Da bokiti ake ɗauko shi daga rijiya ko rafi, a ɗora a wuta, in an gama kuma a kwashe a zubar. Ana cuɗa kaya a kan katako mai gargada, a tafasa, a matse da hannu, washegari a yi guga da ƙarfen da ake ɗorawa kan murhu. Mai ciki da mai jego duk haka suke yi, domin maƙwabciya mafi kusa tana iya kasancewa tafiyar awa guda.

A filayen Nebraska da Kansas itace ya yi ƙaranci, saboda haka da yawa suka gina ɗaki da ƙasa mai saiwar ciyawa, wadda ake yankawa kamar tubali. Ƙura da ƙwari na zubowa daga rufi, har mata kan shimfiɗa yadi a sama don kare abinci da gado. Makamashin girki kuwa busasshen kashin ɓauna ne ko na shanu, kuma hannun da ya tsinto shi ne zai kwaɓa fulawa. Wanka sau ɗaya ne a mako, galibi daren Asabar, a baho ɗaya, ruwa ɗaya, iyali na shiga ɗaya bayan ɗaya.

Lalurar wata-wata da ƙunzugu ake tarar ta. Tsumma ne na tsohon yadi, a wanke a ɓoye, a shanya inda ido ba zai gani ba. Nafkin ɗin jariri ma haka, kuma a kan hanyar ƙaura, inda ruwa ke da wuya, sau da yawa shanya shi kawai ake yi ya bushe, a kankare, a mayar wa yaro.

Ki lura, matan nan ba ƙazamai ba ne, kuma sabulu bai gagare su ba. Duk da haka kwalara ta cika gefen hanyar Oregon da kaburbura, musamman daga 1849 zuwa farkon shekarun 1850, a bakin kogin Platte. Ayari kan sauka inda na gabansa ya tashi, ya sha daga ramukan da aka haƙa kusa da wurin bahaya. Mutum kan tashi lafiya da safe, kafin dare an binne shi. A gidaje kuma taifod da atuni da gudawar yara suka yi ta ɗauke rayuka, sau da yawa saboda masai na kusa da rijiya. A lokacin, yawancin mutane, har da likitoci, sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta. Mace za ta goge daɓe har gwiwarta ta yi kanta, sannan ta ba ɗanta ruwan da zai kashe shi, ba ta sani ba.

Sanin ya zo ne a hankali, daga nesa. A 1843 likita Oliver Wendell Holmes na Boston ya rubuta cewa masu karɓar haihuwa ne ke ɗaukar zazzaɓin bayan haihuwa daga mace zuwa mace. A 1847 Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa a Vienna wanke hannu da ruwan kulorin, sai mutuwar masu jego ta faɗo daga kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kusan kashi 2 a watan Yuni. A 1854 John Snow ya gano cewa famfo ɗaya ne ke yaɗa kwalara a wata unguwa ta Landan. Sai a 1908 aka fara zuba kulorin a kai a kai cikin ruwan shan wani birnin Amurka, Jersey City.

Kayan kanti sun biyo baya. Sabulun Ivory ya fito a 1879, garin wanki na Persil a Jamus a 1907, Tide kuma a 1946. Audugar mata ta Kotex ta shiga kasuwa a farkon shekarun 1920, an yi ta ne da abin ɗaure raunin sojoji na Yaƙin Duniya na Ɗaya, bayan da ma'aikatan jinya mata suka gane amfaninsa gare su. Dettol ya fito a Ingila a 1933, Pampers a 1961. Amma sauƙin bai isa karkara da wuri ba. A farkon shekarun 1930, gona ɗaya kawai cikin goma a Amurka ke da lantarki, kuma ƙidayar 1940 ta nuna kusan rabin gidajen ƙasar ba su da cikakken famfo da banɗaki.

Babu shakka kayan nan sun mayar wa mace lokacinta da ƙarfin jikinta. Yarinya mai audugar mata ba ta fashin makaranta don tsoron ɓaci, uwa mai omo ba ta kwana da hannu a tsage. Duk mai ce miki da tsohuwar zuma ake magani, rayuwar dā ta fi lafiya, ki tuna masa da kaburburan bakin Platte.

Sai dai kwalba ma tana da nata tarihin ɓarna. Daga shekarun 1920 aka yi ta tallata wa matan Amurka Lysol don wanke cikin farji, alhali yana ɗauke da sinadarin da ke ƙona fata. A 1980 aka janye audugar cusawa ta Rely daga kasuwa bayan an danganta ta da wata cuta mai saurin kisa. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa triclosan da wasu sinadarai 18 a sabulan wanke hannu da jiki masu da'awar kashe ƙwayoyin cuta, domin kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa amfani.

Saboda haka, idan kuɗi ya yi kaɗan, ki fara da abin da matan can suka rasa. Ki tafasa ruwan sha ko ki sa masa kulorin yadda aka rubuta, ki ajiye shi a rufe. Masai ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30. Ki wanke hannu da sabulu, kowane iri, na daƙiƙa 20, bayan bahaya, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki da kafin ba yaro abinci. Idan ƙunzugu kike amfani da shi, babu laifi, muddin kin wanke shi da sabulu kin shanya a rana ya bushe sarai. Audugar mata kuma ki sauya ta bayan 'yan awoyi, kada ta wuni a jikinki.

Kada ki haɗa bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari, domin hayaƙin da ke tashi guba ne ga huhu. Kada ki juye shi a robar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. Kada ki wanke cikin farji da Dettol ko makamancinsa, domin cikin yana tsaftace kansa, wajen kuma ruwa mai tsabta ya ishe shi. Mai jego da ta ga zazzaɓi tare da ciwon mara ko jini mai wari, ta tafi asibiti a ranar. Wannan zazzaɓin ne ya kashe mata da yawa a zamanin can, kuma yau akwai maganinsa idan an je da wuri.