Ghoul: Kalmar da ta Bar Hamada ta Tare a Maƙabarta

Duk wanda ke fassara labarai a gidan rediyo ya san akwai kalmomin da kan tsaya wa mutum a maƙogwaro. Ɗaya daga cikinsu ita ce ghoul ta Ingilishi, wadda ƴan lakwal suka sani da goule a Faransanci. Takan ɓullo a ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halloween, ko kuma in wata jarida tana zagin mutumin da ke cin riba da mutuwar wasu. In ka ce dodo, ba ka cika ma'anar ba. In ka ce fatalwa, ka kauce, domin ghoul ba mamaci ne da ya dawo ba. Maye kuwa mutum ne da ke zaune cikin gari, kurwa yake kamawa. Ƙamus na Ingilishi yana cewa mugun abu ne mai tone kabari yana cin gawa, ya kuma ƙara da cewa daga Larabci kalmar ta zo. Da na bi sawunta, sai na tarar waɗanda suka haifi kalmar ba a maƙabarta suka ajiye ta ba.

A Larabci ghul ake cewa, kuma tushen kalmar yana nufin a fizge abu ba zato, a halaka shi. Daga wannan tushe ne Larabcin jaridun yau ya samo ightiyal, wato kisan gilla. A cikin Alƙur'ani ma, a suratus Saffat aya ta 47, an yi amfani da ghaul wajen kore wa abin shan Aljanna cutar da ke ɗauke hankali.

Ghul na Larabawan Jahiliyya halittar hanya ce. A hamada take, inda ba kowa, kuma galibi mace ake siffanta ta. Tana rikiɗa ta zama kyakkyawar mace ko wani wanda matafiyi ya sani, ta kunna wuta da dare don ya zaci zango ne, ya saki hanya ya bi ta har ya halaka. Suna cewa komai rikiɗarta, ƙafafunta na jaki ba sa ɓoyuwa. Suna kuma cewa sara ɗaya ake yi mata, domin in aka ƙara na biyu sai ta tashi. Mawaƙin nan Ta'abbaɗa Sharran, wanda ya rayu kafin zuwan Musulunci, ya yi suna da waƙar da ya ce ya gamu da ghul cikin dare ya kashe ta.

Da Musulunci ya zo, an yi magana a kanta. Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya kore ghul tare da wasu camfe-camfen Jahiliyya. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo fassara biyu a sharhinsa: wasu malamai sun ce an kore samuwarta ne gaba ɗaya, wasu suka ce abin da aka kore shi ne ikon da ake ba ta na rikiɗa da ɓatar da mutane. Tun kafin shi, Al-Jahiz na Basra ya kawo bayanin malaminsa An-Nazzam a cikin Kitabul Hayawan, cewa kaɗaici ne ke haifar da ita. Mutum shi kaɗai a daji, ga dare, ga tsoro, sai waswasi ya kama shi, ƙaramin abu ya zame masa babba, ƙarar iska ta zame masa murya. Wanda ya taɓa jin hirar masu ratsa Tenere ba zai yi mamakin wannan ba. Abzinawa ma suna kiran iskokin daji Kel Essuf, wato mutanen kaɗaici.

Kafin kalmar ta shiga bakin Turawa da sunan dodo, ta riga ta shiga da sunan tauraro. Girkawa sun ga siffar jarumi Perseus a sama yana riƙe da kan Medusa, mai gashin macizai. Masana taurari na Musulmi, irin su As-Sufi da ya rubuta littafinsa a 964, suka fassara wannan kai da ra'asul ghul. Turawa suka taƙaita shi ya zama Algol, kuma har yau sunan tauraron ke nan. Haskensa yana dusashewa duk bayan kwana biyu da awa ashirin da minti arba'in da tara. A 1783 wani saurayi kurma ɗan Ingila, John Goodricke, ya kawo shawarar cewa wani abu ne ke kewaya shi yana tare haskensa, kuma daga baya aka tabbatar tauraro ne na biyu.

Hanyar da ta kai kalmar maƙabarta ta birnin Paris ta bi. Wani Bafaranshe masanin harsunan gabas, Antoine Galland, ya fassara Dare Dubu da Ɗaya, aka buga shi juzu'i goma sha biyu daga 1704 zuwa 1717. Rubutun Larabcin da ke hannunsa daga Sham ya zo, kuma bai kai dare ɗari uku ba. A cikinsa akwai ghul irin ta da: ɗan sarki ya ɓace a wajen farauta, ya tsinci yarinya tana kuka a hanya, ta ja shi zuwa wani kango, can ya ji tana yi wa ƴaƴanta albishir da nama mai ƙiba. Wannan ita ce ghul ta hanya, mai yaudara, mai cin rayayye.

Labarai suka ƙare wa Galland, masu karatu kuwa suna neman ƙari. A 1709 ya haɗu da wani saurayi Kirista daga Halab mai suna Hanna Diyab, wanda ya ba shi labarai da baki, ciki har da na Aladin da na Ali Baba. Daga cikinsu akwai na Sidi Nu'uman, mutumin da amaryarsa Amina ba ta cin shinkafa sai ƙwaya-ƙwaya. Ya bi sawunta wani dare, ya same ta a maƙabarta tare da ghul suna cin gawar da aka binne a ranar. A nan Galland ya saka bayani cewa irin waɗannan halittu, in ba su sami matafiyi ba, sukan je kaburbura su tono matattu. Wani masani ɗan asalin Iraƙi, Ahmed Al-Rawi, ya wallafa bincike a 2009 inda ya nuna cewa tsofaffin littattafan Larabawa ba su siffanta ghul da tone kabari ba, kuma wannan siffa daga fassarar Galland ta yaɗu.

Daga Faransa ta haye zuwa Ingila. Ƙamusoshi kan ambaci littafin Vathek na William Beckford a matsayin wanda ya kafa kalmar a Ingilishi. Beckford da Faransanci ya rubuta shi, aka buga fassararsa ta Ingilishi a 1786, kuma ghul ɗinsa ta maƙabarta ce irin ta Galland. Harafin nan na Larabci da ake furtawa daga maƙogwaro ya gagari Turawa. Suna rubuta gh, amma g suke faɗa, kamar yadda mu ma muka yi da gaibu da magariba.

Me ya sa sabuwar ma'anar ta kama ƙasa har ta kori tsohuwar? A nawa ganin, Baturen wancan zamani ba ya tsoron ɓata a hamada, domin ba shi da ita. Abin da ke hana shi barci shi ne a tone kabarin mahaifiyarsa. Makarantun likitanci suna buƙatar gawarwaki don koyarwa, doka kuwa ta ba su gawar masu kisa da aka rataye ne kawai, waɗanda ba su isa ba. Sai aka sami masu sana'ar tono sababbin kaburbura da dare suna sayarwa. Iyalai suka riƙa sa kejin ƙarfe a kan kabari, ana gina hasumiyar gadi a maƙabartu. A 1828 a Edinbara, Burke da Hare suka ga tono ma wahala ce, suka kashe mutum goma sha shida suka sayar wa wani malamin tiyata. Wannan ta'asa na cikin abin da ya sa aka yi dokar 1832 da ta buɗe wa likitoci hanyar samun gawa ta halal. A Amurka abin ya daɗe fiye da haka. A 1878 an sace gawar John Scott Harrison, ɗan tsohon shugaban ƙasa, aka same ta a wata kwalejin likitanci a Cincinnati. Jaridun can ghouls suke kiran ɓarayin gawa. Ta haka sunan aljanar hamada ya koma kan ɗan Adam, har ya zama ana faɗa wa duk mai jin daɗin kallon bala'in wasu.

Sauran aikin sinima ce ta ƙarasa shi. A fim ɗin George Romero na 1968, Night of the Living Dead, matattu ne ke tashi suna cin rayayyu, kuma ghoul aka kira su a ciki, ba zombie ba, ko da yake da sunan zombie duniya ta san su yanzu. Ku duba juyin: da farko mai cin rayayye a hanya, sannan mai cin matacce a kabari, sannan mataccen da kansa ya zama mai ci. A 1971 kuma marubutan Batman suka ƙirƙiro masa abokin gaba mai suna Ra's al Ghul, sunan tauraron nan ya dawo a jikin mugun mutum daga gabas.

Akwai wani zance da ke yawo a WhatsApp da Facebook da ya kamata in taɓa, cewa kalmar alcohol daga al-ghul ta fito, wai giya aljana ce mai cin jiki. Kama da wane ba ta wane. Masana tarihin kalmomi sun bi sawun alcohol zuwa al-kuhl, wato kwallin da ake sa wa a ido. Turawa sun fara kiran duk gari mai laushi da wannan suna, sannan duk abin da aka tace, daga baya ya tsaya kan abin da aka tace daga giya. Mai wa'azi a kan giya yana da hujjoji ingantattu, ba ya buƙatar wannan. Ranar da yaro mai karatu ya gano asalin ƙarya ne, zai fara shakkar sauran abin da aka gaya masa.

Abin da ya fi damuna a tarihin nan shi ne yadda ƙarin da aka yi a Paris ya zama shi ne asali a idon duniya. Yaro a Zinder ko Garwa ko Kumasi da ya haɗu da ghoul a wasan bidiyo zai ɗauka haka Larabawa suka faɗa tun fil azal, domin wanda ya riga bugawa shi ake ji. Namu ma suna kan wannan hanya. Dodon tatsuniya yana magana, yana ƙulla alkawari, yana neman aure, kuma sau da yawa wayon yarinya ko na Gizo ke kayar da shi. In aka fassara shi da kalmar Turanci guda ɗaya ta mugun halitta, duk wannan ya zube, kuma jikokinmu fassarar za su karanta.

Shi ya sa a wajen aiki nake bin ma'anar da mai magana ya nufa. In fim ake nufi, sai in ce dodon maƙabarta mai cin gawa. In mutum ake zagi, sai in ce mai cin riba da mutuwar mutane. In kuwa tsohon littafin Larabci ne, sai in bar ta ghul, in ƙara da cewa aljanar daji ce mai ɓatar da matafiya. Ƴan uwa marubuta, wanda kakarsa ke da rai ya ɗauki wayarsa ya naɗi tatsuniyar Dodo daga bakinta, ya rubuta ta yadda ta faɗa, da sunan garin da shekarar. Rubutun Larabawa na da shi ya ba Al-Rawi damar rarrabe asali da ƙari bayan shekara ɗari uku, kuma irin wannan shaida muke bin namu jikokin bashi.