Gidan Yari da Makomar Wanda Ya Gama Wa'adinsa a Ƙasar Sakkwato



Abin da nake so mu duba a wannan lacca shi ne halin mutumin da ya gama zaman wa'adinsa, aka buɗe masa ƙofa, ya hau mota zuwa Tambuwal ko Kebbe. Alƙali ya yanke masa shekara biyu, ya yi su cif. To, yaushe horon nasa zai ƙare? Amsar tana cikin tarihi, don haka can za mu fara.

A zamanin Daular Usmaniyya akwai kurkuku a manyan birane, mai kula da shi kuwa shi ne Yari, kuma daga sunan sarautarsa muka sami kalmar gidan yari. Amma ɗauri na tsawon shekaru bai zama babban horo ba. Galibi akan tsare mutum ne kafin a yi masa shari'a, ko har ya biya bashi, ko har sarki ya huce. Sauran hukunci, kamar bulala da diyya da biyan abin da aka ɓarnatar, ana zartar da shi a gama. Kada mu ɗauka wuraren tsarewar nan na jin daɗi ne; rahoton Turawa game da kurkukun Kano a 1903 ya ambaci cunkoso da ƙunci mai tsanani. Sai dai fiƙihun Malikiyya da alƙalai ke bi ya sa wa horo iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa har yau, ta nuna cewa wanda aka yi wa haddi, in ya tuba, ana karɓar shaidarsa, sai fa a kan irin laifin da aka hore shi dominsa. Karɓar shaida kuwa shi ne mayar wa mutum da mutuncinsa a bainar jama'a.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka hana yanke hannu da makamantansa, sai ɗauri ya zama horon yau da kullum. Gidajen yari suka koma hannun En'e, Razdan da Di'o suna duba su. Fursuna ya zama lebura: shara, ɗiban ruwa, yankan ciyawa da gyaran hanya, a idon mutanen gari. A shekarun siyasar farko, 'yan adawa da yawa, musamman na NEPU, sun sha ɗauri a waɗannan gidaje. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga ta fita ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙorafin da wannan ya jawo yana cikin abin da ya sa, bayan rahoton kwamitin Gobir, Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e a 1968, sa'an nan ta kafa musu doka ta 9 ta 1972.

Wannan canji ya rage zaluncin siyasa, amma ya zo da nasa nakasu. Da, wanda ya ɗaure mutum da wanda zai karɓe shi in ya fito duk hukuma ɗaya ce, daga sarki zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa. Yanzu ɗauri na Tarayya ne, komawa gida kuwa ba ta wuyan kowa.

An yi ƙoƙarin gyara. Akwai sansanin Kakuri a Kaduna, inda fursunoni ke zaune ba tare da doguwar katanga ba, da makarantar horon matasa masu laifi a can, da gonakin fursuna irin na Kujama da Birnin Kudu. A 2019 aka yi sabuwar doka wadda ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, ta tanadi horo ba tare da ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sakin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya gyaru. A 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon kafa nasu gidajen gyaran hali.

Mu koma ga mutuminmu. Tambuwal na da nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, Kebbe ta fi haka, kuma mafi yawan mutanensu manoma ne da makiyaya. Wanda ya yi damina biyu a tsare, sau da yawa yakan tarar an jinginar da gonarsa don hidimar shari'a, an sayar da shanun huɗa, matarsa ta nemi saki saboda rashin ci da sha. Ya koyo ɗinki ko kafinta, amma ba shi da keke, ba shi da zarto. Ɗan kasuwa ba zai ba shi kaya bashi ba sai wani ya tsaya masa, mai tsayawar kuwa ya yi wuya. In an yi sata a unguwa, ƙofarsa ake fara bugawa. Tsohon ɓarawo ba ya rasa zargi a gari, kuma wanda aka toshe wa kowace hanya sai ya koma wadda ya sani. Mu kuma tuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi. Wani kotu za ta wanke shi, amma bakin mutane ba zai wanke shi ba.

Alhali kuwa ƙasar nan ta san yadda ake yafe wa manya. An ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963, aka sake shi a 1966, ya zama kwamishinan kuɗi na Tarayya a 1967. Janar Obasanjo ya shiga kurkuku a 1995, ya fito a 1998, ya zama Shugaban Ƙasa a 1999. Tsarin mulkin 1999 kansa shekara goma ya ɗiba wajen hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya tsayawa takara, bai ce har abada ba. A Ingila kuwa, tun 1974 doka ta ce ƙananan laifuffuka suna shafewa bayan wasu shekaru, mai neman aiki ba sai ya ambace su ba.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Na farko, kafin a saki mutum, jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa ya sanar da hakimi da mai unguwa da liman, a sami mai tsaya masa, a nemi sulhu da wanda ya cuta. Na biyu, hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta sa irin waɗannan cikin masu samun jari, a ba su kayan sana'a ko iri da taki kafin faɗuwar damina, domin wanda aka saka da rani hannu wofi ba zai kai kaka ba tare da bashi ba. Na uku, a sa iyaka ga tambayar nan ta takardun neman aiki, watau ko an taɓa ɗaure ka, sai a ayyukan da laifin ya shafa, kamar yadda fiƙihu ya yi game da shaida.

Ku ɗalibai, a cikinku akwai alƙalan gobe da sakatarorin ƙananan hukumomi. Wata rana takardar irin wannan mutum za ta iso teburinku. Alƙali ya riga ya ƙidaya masa kwanakinsa, kada ku ƙara masa ko ɗaya.