Lambun Gida a Ƙarshen Hunturu: Me Za a Shuka, Kuma Ta Yaya?

Daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu sanyi yana ja da baya a yankin Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunchi, bazara kuma tana tafe. A Maris da Afrilu zafin rana kan kai digiri 38 zuwa 40. Don haka duk irin da za ka shuka yanzu, da zafi zai girma. Wannan shi ne ma'aunin zaɓen iri.

Abin da lokacinsa ya wuce

Latas, kabeji da karas 'yan sanyi ne, tun Oktoba ko Nuwamba ake sa su. Tumatir ma idan aka yafa shi yanzu, furensa zai haɗu da tsananin zafi ya kakkaɓe, ga kuma tsutsar sharon da ta cinye gonakin tumatir a Kano a 2016, wadda zafi ke ƙara wa yawa.

Abin da ya dace

Alayyahu, kuɓewa, lalo, rama da gurji. Alayyahu ana fara yankansa cikin sati 4 zuwa 5, kuɓewa kuma wajen wata 2. Ke nan a samu ɗanyen kayan miya daidai lokacin da ya yi tsada a kasuwa.

Gwada iri tukuna

Ɗauki ƙwaya 10, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a ɗaki ana yayyafa ruwa. Bayan kwana 5 zuwa 7, in ƙasa da 7 suka tsiro, ka canja iri ko ka ƙara yawan abin da za ka shuka.

Gyaran wuri

Ƙasarmu galibi jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Kar a yi kunya irin ta damina. A yi fangali mai ɗan zurfi, faɗin mita 1, tsawon mita 2, a cakuɗa shi da bokiti 1 zuwa 2 na ruɓaɓɓen takin awaki. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro. Kafin a shuka komai a kewaye wurin da dangar kara, domin yanzu awaki a sake suke.

Shuka

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi a yafa, a rufe da ƙasa kaɗan. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya, a sa ƙwaya 2 a rami mai zurfin gaɓar yatsa, tazarar taku ɗaya tsakanin rami da rami. In dare yana da sanyi sosai a ɗan jinkirta, don ba ta tsirowa da kyau a ƙasa mai sanyi. Tsohon gidan sauro yana kare tsiro daga kaji da ƙadangaru.

Lissafin ruwa

A nan yawancin lambunan gida suke mutuwa. A bazara fangali ɗaya kan sha lita 12 zuwa 15 kullum, wato jarka mai lita 25 ta fangali biyu ce. Ka ƙirga jarkar da gidanka zai iya ɗebowa a Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ja, sannan ka yanke yawan fangali. Gara biyu masu ƙoshi da shida masu ƙishi. A ba da ruwa safe da yamma, a lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa, ana duba gara. Ruwan alwala yana yi, amma banda ruwan omo.

Masu ƙungiya su haɗa kuɗi su sayi iri gwangwani guda su raba, su kuma nemi malamin gona na KNARDA da ke yankinsu kafin su fesa kowane magani a ganyen da za a ci.